Max Wilms: Likitan Jamus da ya gano asalin ƙarin ƙodar yara tun ba a sami na'urar ganinsa ba

A duk asibitin koyarwa na duniya, idan aka kawo yaro ɗan shekara uku ko huɗu da wani ƙullutu mai tauri a gefe ɗaya na cikinsa, sunan da ke fara zuwa bakin likitoci shi ne Wilms. Da wannan suna ake kiran ciwon dajin ƙoda da ya fi kowanne yawa a tsakanin ƙananan yara. Mai sunan kuwa, Carl Max Wilhelm Wilms, likitan tiyata ne Bajamushe da ya rasu a shekarar 1918, yana da shekara 50 a duniya.

Wilms ya rayu a zamanin da likita ba shi da hanyar leƙa cikin yaro mai rai, sai dai ya tattaɓa da hannu, ko ya yanka ya gani. Duk da haka, tambayar da ya ba shekarun ƙuruciyarsa wajen amsawa, wato mene ne wannan ƙari kuma daga ina ya tsiro, ita ce dai tambayar da likita ke yi a yau sa'ad da ya ɗora na'urar sikanin a kan cikin yaro.

Haihuwa da karatu

An haifi Wilms ranar 5 ga Nuwamba, 1867, a ƙauyen Hünshoven, wanda yanzu ya shige cikin garin Geilenkirchen a yammacin Jamus, kusa da kan iyaka da ƙasar Holan. Mahaifinsa lauya ne, kuma shi ma da farko hanyar shari'a ya ɗauka, amma bai daɗe a kai ba ya koma karatun likitanci.

Ɗaliban Jamus na wancan lokaci sun saba yawon neman ilimi daga wannan jami'a zuwa waccan, suna bin malaman da suka yi fice. Haka Wilms ya yi. Ya zauna a Munik da Marburg da Balin, sannan ya kammala a jami'ar Bonn, inda ya karɓi digirinsa na likita a 1890.

Bai garzaya ɗakin tiyata nan take ba. Sai ya tafi jami'ar Giessen, ya zauna ƙarƙashin Eugen Bostroem a sashen da ake binciken cututtuka ta hanyar duba gawa da naman da aka yanko daga jikin majinyata. A can ya shafe shekaru yana yanka nama siriri kamar ɓawon albasa, yana rina shi, yana dubawa a madubin likita, na'urar nan da ke ƙara girman abin da ido ba ya iya gani. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne wani nau'in ƙari mai ban al'ajabi da ke fitowa a ma'ajiyar ƙwan mace ko a marainan namiji, wanda idan aka tsaga shi ake iske gashi da fata da ƙashi, wani lokaci har da haƙori. Rubuce-rubucensa na farko da suka sa aka san shi, a tsakiyar shekarun 1890, a kan wannan batu suke.

Daga Giessen ya wuce birnin Kolon, ya yi aiki da Otto Leichtenstern a sashen cututtukan da ake yi wa magani ba tare da wuƙa ba. Sai a 1897 ya shiga tiyata sosai, da ya koma Leipzig ƙarƙashin Friedrich Trendelenburg, ɗaya daga cikin manyan likitocin fiɗa na Turai a lokacin. Wannan doguwar hanya ta sa ya bambanta da yawancin abokan aikinsa: ya zo ɗakin tiyata da idon mutumin da ya riga ya san yadda cuta take a cikin nama.

Littafin 1899

A Leipzig ne ya wallafa ɗan littafin da ya dawwamar da sunansa, a 1899, shekarunsa ba su haura 32 ba. Batun littafin shi ne ƙari mai gauraye da ke fitowa a ƙoda.

Ba Wilms ne ya fara ganin wannan cuta ba. Wani likita a Ingila, Thomas Rance, ya bayyana irinta a jikin wani ƙaramin yaro tun 1814. A Jamus ma Carl Eberth ya yi rubutu a kanta a 1872, Julius Cohnheim a 1875, sai Felix Birch-Hirschfeld na Leipzig dab da ƙarshen ƙarnin. Matsalar ita ce kowa ya duba ya ga abu daban. Wani ya ga zaren tsoka irin ta hannu da ƙafa, wani ya ga 'yan siraran bututu masu kama da na ƙoda, wani ya ga guringuntsi ko kitse. Kowanne sai ya laƙaba wa ƙarin suna gwargwadon abin da ya gani, har ya zama cuta ɗaya tana yawo da sunaye barkatai a littattafan likitanci.

Wilms ya tattara rahotannin da aka buga kafin shi, ya haɗa da ƙarin da shi kansa ya bincika daga jikin wasu yara, ya jera su yana kwatantawa. Matsayar da ya cim ma ita ce duk waɗannan cuta ɗaya ce mai fuskoki da yawa. Ya kuma kawo bayanin da ya haɗa su: tsoka da bututu da guringuntsin duk sun samo asali ne daga ƙwayar halitta ta farkon samuwar ɗan tayi, wadda ba ta riga ta zaɓi irin naman da za ta zama ba. Irin wannan ƙwaya takan saura a baya yayin da ƙoda ke ginuwa a cikin mahaifa, daga bisani ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, tana ƙoƙarin gina gaɓar da ba za ta taɓa kammaluwa ba.

Wannan bayani ya warware abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, wato dalilin da ya sa ciwon ke kama ƙananan yara, alhali yawancin ciwon daji na manya ne. Binciken da aka yi daga baya ya gyara wasu sassa na ra'ayinsa, amma ginshiƙin ya tsaya. A 1990 aka gano wani ƙwayar gado da ke da hannu wajen ginuwar ƙoda da kuma aukuwar wannan ƙari a wasu yara, aka sa masa suna WT1, haruffan da ke nuni ga sunan Wilms. Shi kansa ya ci gaba da rubutu a kan irin wannan ƙari a wasu gaɓoɓin jiki har zuwa 1902.

Abin da likita ke iya gani a zamaninsa

Sanin asalin cuta daban, gano ta a jikin mai rai daban. A ƙarshen ƙarni na 19, yaron da ke da ƙari a ƙoda ba ya isa wurin likita sai cikinsa ya cika fal, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a fatarsa, jikinsa ya rame. Likita zai tattaɓa, ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa ya saurari amo, ya duba fitsari ko da jini. Daga nan sai hasashe: ƙoda ce, ko saifa, ko hanta, ko ruwa ne ya taru? Amsar gaskiya takan fito ne a teburin tiyata ko a teburin binciken gawa.

Tiyatar ma kasada ce babba. Gustav Simon ne ya fara cire ƙodar mutum da gangan kuma majinyaciyar ta rayu, a Heidelberg a 1869. A 1877 Thomas Jessop na birnin Leeds a Ingila ya cire ƙodar wani yaro mai irin wannan ƙari. Yaron ya tashi daga tiyatar, amma ciwon ya dawo ya kashe shi cikin 'yan watanni. Haka labarin mafi yawan yaran ya kasance har zuwa ƙarshen rayuwar Wilms. Babu ƙarin jini yadda aka san shi a yau, babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, maganin sa barci kuwa shi kansa haɗari ne ga ƙaramin yaro.

Ana cikin wannan hali ne Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Würzburg, a watan Nuwamba na 1895. Wilms na cikin likitocin tiyata da suka rungumi sabuwar na'urar da wuri. A 1902, tare da wani likita mai suna Sick, ya fitar da kundin hotunan eksire da ke nuna yadda ƙasusuwan hannu da ƙafa ke girma tun daga haihuwa har zuwa cikar girma. Aikin yana da amfani ƙwarai ga mai duba yara, domin wanda bai san yadda ƙashin yaro lafiyayye yake a kowace shekara ba, zai iya ɗaukar wurin tsiron ƙashi a matsayin karaya.

Sai dai hasken da ya bayyana ƙashi sarai bai yi wa ƙoda rana ba. Eksire yana rarrabe abubuwa ne bisa yadda suke tare haske: ƙashi ya fito fari, iska ta fito baƙa. Ƙoda da hanta da saifa da ƙarin da ke tsakaninsu kuwa kusan daidai suke tare hasken, saboda haka sukan fito kamar hazo guda. Iyakar abin da hoton zai nuna shi ne hanji ya matsa gefe, alamar wani abu ya tokare shi. Wato mutumin da ya fi kowa sanin ƙarin a ƙarƙashin madubi, kuma yake da na'urar hoto a hannunsa, bai iya haɗa biyun wuri ɗaya ba.

Basel da Heidelberg

Aikin Wilms bai taƙaita ga ƙoda ba, hasali ma a zamaninsa ba da ita aka fi saninsa ba. A 1904 ya zama farfesa a Leipzig. A 1906 ya fitar da babban littafi a kan toshewar hanji, cutar da ke kisa cikin 'yan kwanaki idan ba a gane ta ba. A 1907 aka kira shi jami'ar Basel ta ƙasar Siwizalan ya shugabanci sashen tiyata, a 1910 kuma ya karɓi kujerar Heidelberg, wadda Gustav Simon ya taɓa zama a kai.

Tare da Ludwig Wullstein ya shirya littafin koyar da tiyata da ya fara fitowa a 1908, aka yi ta sake buga shi, aka kuma fassara shi zuwa wasu harsunan Turai. Ya ƙirƙiro wata hanya ta yanke sassan haƙarƙari domin huhun mai tarin fuka ya lotsa ya huta, a lokacin da cutar ba ta da magani. Ya yi aiki a kan auna ƙarfin ruwan da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwa, da ɗinkin jijiyar da ta tsinke, da kuma amfani da hasken eksire wajen gasa ƙari.

A Heidelberg ɗin nan ne, 'yan shekaru kafin zuwansa, Fritz Voelcker da Alexander von Lichtenberg suka fara wata dabara ta sa ƙoda ta fito a hoto. Sukan zura siririn bututu ta mafitsara, su tura wani ruwa mai tare hasken eksire zuwa cikin ƙodar, sai siffar cikinta ta bayyana. Dabarar tana da wahala da zafi, ga ƙaramin yaro kuwa ta fi wahala, amma ita ce ƙofar farko da aka buɗe.

Rasuwarsa

Yaƙin Duniya na Farko ya cika asibitocin Jamus da sojojin da suka ji rauni da fursunonin yaƙi. A watan Mayun 1918 aka kawo wa Wilms wani fursuna Bafaranshe da cutar mashaƙo ta toshe wa maƙogwaro, numfashinsa na neman ɗaukewa. Hanyar ceto a irin wannan hali ita ce a buɗe maƙogwaron da wuƙa domin iska ta shiga, aikin da ke sa fuskar likita dab da tarin majinyaci. Wilms ya yi aikin. Fursunan ya rayu, likitan kuwa ya kamu da cutar, ya rasu ranar 14 ga Mayu, 1918, watanni shida kafin a tsagaita wuta.

Allurar rigakafin mashaƙo ba ta samu ba sai a shekarun 1920. Cutar ba baƙuwa ba ce ga masu karatu a arewacin Nijeriya, musamman Kano, inda ta ɓarke daga ƙarshen 2022 ta kuma yi ɓarna mai yawa a tsakanin yaran da ba a yi wa rigakafi ba.

Idon da bai samu ba

Abin da Wilms ya rasa ya zo sannu a hankali bayansa. A 1929, a Balin, wani matashin likita Ba'amurke mai suna Moses Swick, yana aiki da von Lichtenberg, ya nuna cewa za a iya yin allurar wani ruwa mai sinadarin aidin a jijiya, ƙoda ta tace shi da kanta, hanyoyin fitsari su fito a hoton eksire. Shekaru da dama wannan ne babban gwajin yaro mai ƙari a ciki. Idan ƙarin a cikin ƙoda yake, sai a ga hanyoyin fitsarin sun karkace sun miƙe. Idan a wajenta yake, sai a ga ƙodar gaba ɗaya an ture ta gefe.

A 1958, a Glasgow ta Sikotilan, Ian Donald da John MacVicar da Tom Brown suka wallafa bincikensu a mujallar The Lancet kan gano ƙarin ciki ta hanyar amon sauti. Na'urar takan aika sautin da ya fi ƙarfin jin kunne zuwa cikin jiki, ta karɓi amsa-kuwwarsa, ta mayar da ita hoto. Wannan shi ne asalin sikanin da mata masu juna biyu suka sani a yau. A 1971 aka ɗauki hoton majinyaci na farko da na'urar CT ta Godfrey Hounsfield a Landan, wadda ke nuna jiki sala-sala, sannan na'urar MRI mai aiki da maganaɗisu ta shigo asibitoci a farkon shekarun 1980.

A yau, idan aka ji ƙullutu a cikin yaro, sikanin ake fara yi. Ba ya da haske mai cutarwa, ba ya buƙatar a sa yaro barci, kuma ya fi sauran arha. Tambayoyin da yake amsawa a jere suke. Ta farko, ruwa ne ko tsoka? Ruwa yakan fito baƙi wuluk, kuma a jarirai sabbin haihuwa yawancin kumburin ƙoda fitsari ne da ya taru saboda toshewar hanya, ba daji ba. Ta biyu, daga wace gaɓa ya fito? Ƙarin Wilms yakan tsiro daga cikin ƙoda, a ga ragowar namanta ya rungume shi kamar yatsun da suka damƙi ƙwallo. Akwai wani dajin yara mai suna niyurobilastoma, wanda ke tasowa daga wata 'yar gaɓa da ke zaune a saman ƙoda. Shi yakan danna ƙodar ƙasa, ya tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren ciki, ya nannaɗe manyan jijiyoyin jini. A hannu su biyun suna iya kama da juna, amma maganinsu ya sha bamban.

Ta uku, ina lafiyar ɗaya ƙodar? A cikin kowane yara ɗari masu ciwon, kimanin biyar zuwa goma yakan kama ƙodojin biyu, kuma likitan da ya cire ɗaya bai duba ɗayar ba ya jefa yaron cikin haɗari. Ta huɗu, ko ƙarin ya kutsa cikin jijiyar jinin ƙoda ya nufi zuciya? Daga nan sai a ɗauki hoton ƙirji, domin huhu ne wurin da ciwon ya fi yaɗuwa zuwa gare shi, a kuma yi CT ko MRI idan akwai hali, domin likitan tiyata ya san taswirar abin da zai tarar.

Daga hukuncin kisa zuwa cutar da ake warkewa

Magani ma ya ci gaba kafaɗa da kafaɗa da hoto. A asibitin yara na Boston, William Ladd da Robert Gross sun gyara yadda ake tiyatar, aka haɗa da gashi da haske bayan an cire ƙodar, har kusan rabin yaran suka fara rayuwa zuwa 1950. A tsakiyar shekarun 1950 Sidney Farber ya nuna cewa maganin aktinomaisin D yana narkar da ƙarin, daga baya aka ƙara binkiristin. A 1969 asibitocin Amurka suka haɗa kai suka kafa bincike na bai ɗaya a kan ciwon, na Turai ma suka fara nasu a 1971. A yau, a ƙasashe masu wadata, kimanin yara tara cikin goma masu ƙarin Wilms suna warkewa.

Tsarin Turai ya ɗora wa hoto nauyi na musamman. Idan shekarun yaro da abin da hoton ya nuna sun dace da ƙarin Wilms, akan fara ba shi magani na 'yan makonni domin ƙarin ya motse kafin tiyata, ba tare da an yanki nama an gwada ba. Ke nan hukuncin farko yana rataye ne a kan idon mai karanta hoton. Wannan tsari ne aka daidaita da yanayin Afirka a wani shirin haɗin gwiwa da aka fara a 2014 a asibitocin ƙasashen da suka haɗa da Malawi da Kamaru da Gana, inda sikanin ne ginshiƙin gano cutar.

Ratar da ke tsakani har yanzu babba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu wadata fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba su kai kashi 30 ba. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa aƙalla kashi 60 a duniya kafin 2030, kuma ƙarin Wilms na cikin cututtuka shida da ta sa a gaba, domin yana warkewa idan an same shi da wuri.

Jinkiri ne babban abokin gaba. Ciwon yakan fara ba zafi, yaro yana wasansa yana cin abincinsa, sai uwa ta ji tauri a gefen cikinsa lokacin wanka ko sa riga. A ƙasashenmu, inda zazzaɓin cizon sauro da sikila ke kumbura saifa, tsutsar ciki da tamowa kuma ke tura ciki gaba, abu ne mai sauƙi a ɗora wa ɗaya daga cikinsu laifi, a shiga jiƙe-jiƙe da tsagar wanzami har watanni su shuɗe. Yaron da aka kai asibiti a wannan mataki ya koma daidai halin da yaran zamanin Wilms suke isa wurin likita. Shi ya sa likitocin yara ke gargaɗi cewa duk ƙullutun da aka ji a cikin yaro a kai shi a yi masa hoto ba tare da ɓata lokaci ba, kuma a guji matsa wurin da ƙarfi, domin ƙarin yana iya fashewa ya watsu a cikin ciki.

Wilms ya bar duniya bai ga hoton ƙarin da ke ɗauke da sunansa a jikin yaro mai rai ba. Na'urar da za ta nuna shi cikin 'yan mintuna tana nan yanzu a manyan asibitoci da ɗakunan hoto na biranenmu, kuma amfaninta ga yaro ya dogara ne a kan ranar da aka kai shi gabanta.